Kawu Ƙusa a Saman Shafi

Kawunnaina biyu ne, ƙannen mahaifiyata, kuma dukansu da kujera suke cin abinci. Babban shi ne wanda kowa ke kira Kawu Ƙusa. Sunan daga yadda yake aiki ya samo shi. Zai ɗebi ƙananan ƙusoshi ya watsa a baki, ya riƙa turo su ɗaya-ɗaya da harshe yana bugawa a jikin katako, kuma a hakan zai amsa gaisuwa, ya yi ciniki, ya yi wa mutum faɗa, bai haɗiye ko guda ba. Mama ta ce tun yana saurayi take jiran ranar da za a kwashe shi zuwa asibiti, har ta gaji ta daina jira.

Gyaran kushin ne sana'arsa. Kujerar falon da ta gaji, soso ya mutu, yadi ya koɗe, yara sun yi tsalle a kai har ƙafa ta karkace, ita ce abincinsa. Shagonsa yana can ƙuryar wani lungu mai ƙunci wanda mota ba ta shiga. A kan baro ake turo masa kujeru, wata ma sai an kifa ta a gefe kafin ta wuce kwanar. Kana shiga warin gam zai tare ka. Soso jibge har rufi, tsohon keken ɗinki baƙi a bakin taga, ƙyallaye ko'ina a ƙasa, ga kujera a tsakiya an farke mata ciki tana jiran hukunci. Kafin ya sa almakashi sai ya zura hannu cikin lungunan kujerar ya lalubo abin da shekaru suka haɗiye, mataji ne, cokali ne, ɗan kunne ne, ya tara a gwangwani ya miƙa wa mai ita. Mata da yawa sun yi ta dariya a shagon nan, sun ga abin da suka doki 'ya'yansu a kan ɓatansa.

Ƙaramin kuwa Kawu Auta. Da kakanmu ya rasu, Kawu Ƙusa ne ya bar makaranta ya kama guduma, Auta ya ci gaba da karatu da gumin yayansa. Da ya gama bai sami aikin ofis ba, sai ya dawo lungun nan ya zauna a gaban yayan. Riƙe almakashi ma a nan ya koya. Ya yi shekaru yana shan rankwashi, har hannunsa ya faɗa. Daga baya ya nemi izini, aka sa masa albarka, ya buɗe nasa shagon a bakin babban titi, kusa da garejin bakanikai, ya koma ɗinkin kujerun mota. Ƙofar gilashi, allo mai fitila, fili a gaba da zai ɗauki motoci da yawa.

Ba su taɓa yin faɗa ba, kuma a ganina wannan ne ya fi cin Kawu Ƙusa. Da a ce Auta mara kunya ne, da ya sami abin riƙewa. To Auta har yau ba ya gaishe shi a tsaye, ba ya shan ruwa kafin Yaya ya sha, duk abin da ya saya kuma sai ya kawo ya nuna masa don ya sa albarka. Shi kuma ya sa albarkar, ya koma gida ya kasa cin abinci. Auta ya sayi fanka, washegari Kawu Ƙusa ya sayo wadda ta fi ta girma, har tana kwashe masa ƙyallaye tana watsawa waje. Auta ya yi wa shagonsa fenti, lungu ya kwana yana warin fenti. Matar Kawu Ƙusa, wadda muke kira Anti, ta rantse mana cewa lokacin da likita ya rubuta wa Auta tabarau, Kawu ma sai da ya je aka gwada masa ido, ya dawo ransa a ɓace don an ce lafiyarsa ƙalau.

Ni kuwa aikina a intanet yake. Idan mai shago yana da shafi, ni ce nake gyara shi yadda in mutum ya ɗauki waya ya rubuta abin da yake nema a injin bincike, shafin zai fito kusa da sama, ba can ƙasa inda ba mai zuwa ba. A gidanmu ba wanda ya ɗauki wannan a matsayin aiki. Kawu Ƙusa 'yar kwamfuta yake ce min, ko da na yi aure na haifi 'ya'ya, kuma yakan tambaye ni yaushe zan nemi sana'a.

Wata Asabar da rana muka taru a falon Mama. Ana cikin hira matar Kawu Auta ta zaro waya ta ce, "Ku tsaya ku ga abin mamaki." Ta rubuta gyaran kujerun mota, ta juyo da fuskar wayar. Ga shagon Auta a sama, na farko, da hoton ƙofar gilashi da lambar waya. Wayar ta zaga ɗaki hannu-hannu, kowa yana ma sha Allah. Da ta iso hannun Kawu Ƙusa ya nisanta ta da fuskarsa, ya daɗe yana kallo.

"Ni ina nake?" ya ce.

"Ai kai ba ka ciki, Yaya," in ji matar Auta, da zuciya ɗaya. "Sai wanda aka yi wa."

Ya miƙa mata wayar ya ce Allah ya ƙara rufa asiri. Kunnuwansa na gani suna motsi, alamar ya cije haƙori.

Ni ma a ranar ban ji daɗi ba, kuma ba zan ɓoye ba. Wani kamfani Kawu Auta ya kai wa aikin, bare, alhali ina zaune a gidan nan ana ganina. Da na tambaye shi ya ce, "Haba 'yata, ban so in ɗora miki nauyi ba ne." Nauyi! Abin da nake yi tun safe har yamma ne ya zama nauyi. Na yi murmushi na ce ba komai, amma har yau ban manta ba.

Ranar Litinin da hantsi na ji takun mutum a matattakalar ofishina. Ɗaki ɗaya ne a saman wani kantin magani, teburi biyu da fanka mai ƙara. Kawu Ƙusa ne, cikin rigarsa ta fita unguwa, yana haki. Bai taɓa taka wurin ba. Na tashi na gaishe shi, na ba shi kujera. Ya danna ta da babban yatsa tukuna, ya ce soson banza ne, sannan ya zauna.

"Abin nan da aka yi wa Auta," ya ce, "kin iya?"

"Shi ne aikina, Kawu."

"To ki yi min."

Duk wanda ya zo wurina da tambaya ɗaya nake farawa, don na sha wuya a kan rashin yin ta. Na ce, "Kawu, me kake so ya canja a shagonka idan mun gama?"

"So nake in fito a samansa."

"Wannan na ji. Amma a shagon fa? Wane irin mutum kake so ya kira ka? Mai kujerun falo? Masu ofis? Daga wace unguwa?"

"Duk wanda ya ga dama ya kira. Ni dai in an rubuta, a gan ni a sama, shi a ƙasa."

Na gyara zama na yi masa bayani yadda nake yi wa kowa. Na ce hawa sama ba shi ne abin nema ba, hanya ce kawai. Abin nema shi ne abin da za ka gani da idonka a shago, ka ce ga shi ya samu ko bai samu ba, kuma ka sa masa lokaci. Misali mu ce kafin ƙarshen wata huɗu muna so masu tsofaffin kushin na unguwannin da ke kewaye su riƙa kira har baro ya daina hutawa. Na ba shi labarin wata mai wanki da guga da na yi wa aiki, wadda ta ce ita ƙananan otal-otal kawai take so su san da ita. Ba ta taɓa zama ta farko a babban bincike ba, ba ta ma nema ba, amma yanzu sai da ta ƙara ma'aikata.

Ya bar ni na gama tsaf. Sannan ya ce, "Ke 'yar kwamfuta, karatu na zo ɗauka?"

Na juyo masa da kwamfutar. Na nuna masa cewa Auta a kan kujerun mota yake sama. Na rubuta gyaran kushin na falo, na nuna masa yadda wurin yake kusan fayau, ba wani shagon kirki a kusa da ya tsaya a kai. Na ce, "Ka ga nan? Nan ne gidanka. Mutane suna nema kullum, ba wanda ke amsa musu. Ba za mu daɗe ba za ka zama na farko."

Ya matso da fuska. "Auta yana nan wurin?"

"Ba ya nan, ai ba aikinsa ba ne."

"To in je can in yi me? Wa zan wuce?"

"Kawu, kai fa ba ka gyaran kujerar mota. Mota ma ba ta shiga lungunka."

"Wa ya koya masa riƙe allura?" Ya miƙe yana kakkaɓe riga. "In ba za ki iya ba ki faɗa min. Sai in tambayi inda mutanen da suka yi masa suke, in je can."

Nan ya same ni, kuma na tabbata ya san inda ya taɓa. Na ce ya zauna. Na ce zan yi, amma ya sani ban yarda da wannan buri ba, kuma duk ranar da ya dawo yana ƙorafi zan tuna masa. Ya ce in tuna masa da kyau.

Haka muka fara. Na gaya masa ba zan rubuta ƙarya a shafi ba, in yana so a gan shi a kan kujerun mota sai ya nuna aikin kujerar mota. Kwana biyu sai ga Anti ta kira ni tana dariya har tana tari. Wai Kawu ya je wurin masu sayar da tsofaffin kayan mota ya sayo kujerar gaba guda, yagaggiya, ya ɗoro ta a ka ya shigo da ita lungu, yara suna bin sa suna tambaya ina sauran motar. Kekensa ba na fata mai kauri ba ne, allurai suka yi ta karyewa, sai ya ajiye keken ya kama da hannu. Mako guda ya yi a kanta bai taɓa wani aiki ba, ga kushin ɗin mutane a jere suna jira. Da ya gama na je na ɗauki hotuna. Gaskiya ta yi kyau, ɗinkin ya miƙe kamar an ja da rula.

Daga nan kullum da yamma in na tashi daga ofis sai in biya lungun. Ya riƙa magana ina rubutawa. Yadda ake gane fatar kirki da ta jabu, abin da ke sa kujerar direba ta fi saurin mutuwa ta gefen ƙofa, irin soson da ke jure zafin rana, abin da bai kamata a goge fata da shi ba. Duk abin da shafin Auta ya taɓa, sai mun taɓa shi mun zarce. Kawu yakan sa in karanta masa na Auta, ya saurara ido a rufe, ya yi tsaki ya ce, "Wannan ma ni na gaya masa, bai ma riƙe daidai ba." Kan shafinmu ya koma maganar mota, hoton farko ya zama kujerar nan. Maganar kushin ɗin falo, aikin da ya yi shekara da shekaru yana yi, muka tura ta can ƙasa cikin layi biyu. Na ce a bar mata ko da rabin shafi ne, ya ce za ta rage mana gudu.

Mutumin da a da ko saƙo ba ya iya buɗewa a waya sai ga shi ya koyi bincike. Anti ta ce kafin ya kurɓi shayin safe sai ya duba. Ya duba a wayarsa, ya duba a tata, ya tare mai shagon kusa ya ce ara min taka. Kowace safiya kiran farko da ke shigo min nasa ne, ba gaisuwa ba komai.

"Ina muke?"

"Shafi na uku na sakamakon bincike, Kawu."

"Shi fa?"

"Yana inda yake."

Sai ya kashe. Watanni suka tafi a haka. Muka baro na uku muka shigo na biyu, muka daɗe a nan har ya fara zargin ko ina tausaya wa Auta ne. Muka leƙo gindin shafin farko. Duk hawa ɗaya sai ya aiko min da lemo ofis, duk saukowa ɗaya sai Anti ta ce yau ba a ga haƙorinsa ba. Ni ma, in faɗi gaskiya, na shiga ciki tsundum. Duk lokacin da muka tsallake wani sai in tuna kamfanin nan na bare in ji wani sanyi a raina.

Ranar da muka wuce Auta, Laraba ce da safe, ni na fara gani. Na kira Kawu na ce ya duba. Na yi zaton zai yi ihu. Sai kawai ya ce, "To." Ya rufe shago da rana tsaka, ya sa rigar fita, ya tafi gidan Mama. Ina can lokacin da ya iso, don na san nan zai nufa. Ya ajiye wayar a kan teburi a gabanta, ya koma ya zauna ya harɗe hannuwa.

Mama ta ɗauka ta ƙanƙance ido. "Sunan shagonka ne wannan?"

"Shi ne. Duba na ƙasa."

"Au, ga na Auta ma. Kai madalla, ga ku nan tare gwanin sha'awa." Ta ajiye wayar. "Ka ci abinci kuwa?"

Bai ci ba, kuma bai tsaya ya ci ba.

Sai waya ta fara ƙara. Da ma na san za ta yi, aikina ne. Masu tasi, masu motocin gida, wani mai bas-bas da yawa, kowa yana son a sake masa kujeru. Kwanakin farko Kawu yakan ce aiki ya yi masa yawa, a kira wani makon. Wani makon kuwa suka kira. Wasu ba su ma kira ba, taswira suka bi har bakin lungu, suka tsaya suna danna hon, suka toshe hanya, maƙwabta suka fito ana cacar baki. Wani mai jar mota ya tako har ƙofar shago, ya dubi soso da baro, ya dubi Kawu, ya ce, "Baba, a ina zan sa motar? A aljihu?"

Na ce to yanzu sai ya zaɓa, ko ya nemi shago a bakin titi ya sayi keken fata, ko mu koma kan abin da na faɗa tun farko. Ya ce shi da lungun nan sai dai gawarsa, kuma bai ga dalilin da zai tsufa yana rarrafe a cikin motar mutane ba. Na ce to masu kiran fa? Ya ce zai san yadda zai yi da su.

Yadda ya yi da su, a bakin Anti na ji. Akwai wani mai ɗinkin kujerun mota a ɗaya gefen gari, wanda ba dangin kowa ba ne. Anti ta ba shi shawara, cikin tsokana, ta ce tunda ba ya son Auta ya ƙaru, ya riƙa tura su can. Kawu ya dube ta kamar ta zagi kakanmu. Ya ce, "Ina da ɗan'uwa a sana'ar, in kai wa bare? Me zan ce wa Babbar Yaya in ta ji?" Daga ranar duk wanda ya kira sai ya kwatanta masa shagon Auta. Sharaɗi ɗaya yake kafawa, kuma yakan maimaita shi har sai mutum ya amsa. In ka je, ka ce yayansa ne ya turo ka.

Wannan ya riƙe shi na ɗan lokaci. Yakan ce min, "Yau na tura masa mutum kaza. Ya dai san daga inda suke fitowa." Amma amsa waya ba ta cika tukunya. Baro ya fara kwana a jingine. Tsofaffin abokan cinikinsa suna nan, sai dai kushin ba abin da ake gyarawa kowace shekara ba ne, sababbi kuwa ba sa zuwa. Jibgin soson nan ya daina raguwa. In na biya da yamma sai in tarar da shi zaune, waya a hannu, keke a rufe da zane.

Ina shagon ranar da Kawu Auta ya zo. Ya ajiye motarsa a bakin titi ya tako da ƙafa, ɗauke da sabon yadi na ɗinkin riga a leda da kwalin lemo. Ya cire takalmi a bakin ƙofa duk da ƙusoshin da ke ƙasa, ya durƙusa ya gaishe da yayansa.

"Yaya, na rasa bakin godiya," ya ce. "Kullum sai an zo an ce kai ka turo. Wallahi aiki har ya fi ƙarfinmu, na ƙara mutum biyu. Na ce wa maman yara, ka ga Yaya, tun ina ƙarami yake ɗauke da ni, har yau bai sauke ba."

Kawu Ƙusa ya ce, "Ai ba komai."

"Da na ga kana hawa sama na yi murna wallahi. Na ce ashe Yaya dabara ya yi don ya taimake ni, shi da ba ya aikin mota. Shi ya sa ma na sallami mutanen kamfanin nan tun watannin baya. Na ce me zan ci gaba da biyansu, ga Yayana ga 'yata suna yi min abin da ya fi nasu?"

Na dubi Kawu. Fuskarsa ba ta motsa ba. Ni kuwa sai na ji kamar an watsa min ruwa, don a take na lissafa lokacin, na gane cewa tun muna tsakiyar shafin farko Auta ya daina kula da nasa. Ƙarshen tseren da muka yi ta haki a kai, mu kaɗai muke gudu.

Auta ya dubi keken da ke rufe, ya dubi soso, ya sassauta murya. "Yaya, wata magana nake tafe da ita, in ba za ka ji haushi ba. Ka sha wahala a lungun nan. Na sa an yanka ɗan ofis a shagona, da fanka da kujera mai juyawa. Ka dawo can ka zauna ka huta. Ba abin da za ka taɓa. Wayar nan kawai za ka riƙa amsawa, tunda kai suka sani."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, na rantse da zuciya ɗaya. Idonsa har ya kawo ruwa. Kawu Ƙusa ya ce zai yi tunani, Allah ya yi albarka. Ya raka shi har bakin ƙofa, abin da bai saba ba. Ledar yadin tana nan inda aka ajiye ta, bai buɗe ba.

Muna tsaye a ƙofar sai ga baro ya fito daga cikin lungu, an ɗora masa doguwar kujera mai ruwan ƙasa, ana tura shi waje. Wata matashiyar mata tana biye, 'yar gidan da ke ƙarshen lungun. Kawu ya gane kujerar kafin ya gane matar. Shi ya yi wa mahaifiyarta ita.

"Ina za a kai ta?" ya ce.

Matar ta rusuna ta gaishe shi. "Gyara za a kai, Baba. Can bayan kasuwa."

"Gyara? Ni na mutu ne?"

"Ayya Baba, Allah ya ba ka haƙuri. Maigidana ne ya duba a waya, ya ce ai kun bar kushin kun koma aikin mota. Har hoton ya nuna min. Mun riga mun yi magana da mai gyaran can, yana jira."

Mai baro ya nemi hanya, muka matsa masa. Kawu ya bi kujerar da ido har ta sha kwana.

Muka koma ciki. Ban tuna masa komai ba, duk da na yi alkawarin zan tuna. Na jawo benci na zauna kusa da shi na ce, "Kawu, ba a makara ba. Mu mayar da shafin kan kushin. Mu ɗauki hotunan aikinka na gaske, mu sa sunayen unguwannin nan, mu ce abin da muke so shi ne kiran masu kujerun falo, mu ba shi wata uku mu gani. Wallahi za su zo. Irin matar nan suna da yawa."

Ya murza wayar a tafin hannu.

"In kin mayar," ya ce, "in aka rubuta kujerun mota, ina zan kasance?"

"Za ka sauka a hankali."

"Ƙasa da shi?"

"Ƙasa da shi. Daga baya ma ba za ka fito a wurin ba sam. Amma Kawu, shi fa bai ma san ana tsere ba."

"Ni na sani," ya ce.

Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni, na rasa wanda ya fi. Na ce, "To shagon fa? Haka za ka zauna kana kallon kujerun lungunka suna wucewa?"

Ya buɗe wayar, ya rubuta kalmomin nan da yatsa ɗaya, a hankali, yadda ya koya. Shafin ya buɗe. Ya daɗe yana kallon sunansa, da na Auta a ƙarƙashi.

"Bar shi yadda yake," ya ce.

Kafin in sake magana wayar ta yi ƙara a hannunsa. Ya gyara murya ya ɗauka.

"Eh, nan ne. Wace irin mota ce? To. Ka san babban titi, wajen garejin bakanikai? Za ka ga ƙofar gilashi a hannun dama. A'a, ba nawa ba ne, na ƙanena ne." Ya saurara kaɗan. "Ya iya mana. Ni na koya masa."